An Sake Canza Mudir: Tambayoyin da Hausawa Ma'aikatan Jiragen Sama Ke Yi a Jidda, da Amsoshinsu

Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina aiki a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Da lodin kaya a cikin tumbin jirgi na fara, na koma teburin awon jakunkuna, yanzu kuma ina ofishin da ke tsara jadawalin ma'aikata. Duk ranar da aka ce an canza mudir, wato babban manaja, wayata ba ta hutawa. Yaranmu na unguwannin Hindawiyya da Karantina, da 'yan Makka masu zuwa dawam, wato lokacin aiki, kullum, da baƙin da kwantiragi ya kawo daga Kano ko Zindar ko Kassala, kowa da fargabarsa, amma in ka saurara da kyau tambayoyin ba su wuce waɗannan ba. Ba zan ambaci kamfanin da nake wa aiki ba. Inda na ce doka, dokar ƙwadago ta Saudiyya nake nufi, wadda ake kira Nizamul Amal.

Me ya sa shugabannin kamfanonin jirage ba sa daɗewa a kujera?

Ba kowane canji ne ke nuna ɓaraka ba. Wani shugaban gaba ake yi da shi: Salih Al-Jasir ya shugabanci kamfanin jiragen sama na Saudia tun 2014, a 2019 aka naɗa shi ministan sufuri. Wani kuma baƙo ne da aka ɗauko da kwantiragi mai wa'adi, lokacinsa na cika ya tattara. Wani farautarsa ake yi, kamar Tony Douglas da ya bar Etihad aka ba shi Riyadh Air, wanda aka sanar da kafawa a watan Maris na 2023. In aka buɗe sabon kamfani mai kuɗi irin wannan, ba shugaba ɗaya yake janyewa ba. Daraktoci da shugabannin sassa da injiniyoyi yake tsinta daga ko'ina, kowace kujera da aka bari kuma sai an nemo mai hawanta.

Sannan akwai matsin da ke kan masu kujerar. Ƙasar nan ta sa wa kanta burin fasinja miliyan 330 a shekara da garuruwa 250 da jirage za su riƙa zuwa kafin 2030. Masu kamfani lissafi suke dubawa duk wata uku, wanda bai cika alƙaluman da aka gindaya masa ba kuwa ba a jira ya yi dogon bayani. Sana'ar jirgi ribarta siririya ce: farashin mai ya ɗaga kaɗan, ko jiragen da aka yi oda su makara, sai lissafin shekara ya wargaje, a nemi wanda za a ɗora wa.

Abin da ke damuna shi ne wanda ke can sama ya san wa'adinsa gajere ne, don haka abin da zai nuna cikin wata goma sha takwas yake nema. Mu kuma da muke ƙasa shekara talatin muke lissafawa.

Baba, an ce sabon mudir da mutanensa yake zuwa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma mutanensa ba kujerarka suke so ba. Mataimaka biyu ko uku, da mai riƙe masa kuɗi, da mai kula da ma'aikata, yawanci a nan abin yake tsayawa. Mai duba fasfo a ƙofar shiga jirgi da mai tura jirgi da tarakta ba sa cikin wannan rabon. Waɗanda iskar ke kaɗawa su ne na tsakiya, shugabannin sassa da masu kula da dawam, musamman wanda kowa ya san shi ɗan gaban goshin wanda ya tafi ne.

In an canza shugaba, ko an sayar da sashenmu, kwantiragina ya faɗi?

Bai faɗi ba. Da kamfani ka ƙulla, ba da mutum ba. Ko mallakar kamfanin ce ta koma hannun wani, ko an haɗe shi da wani, ko an raba shi, sashe na 18 na doka ya ce kwantiragi yana nan, shekarun aikinka kuma ba su yanke ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a sana'armu, domin an sha yanko sassa a mayar da su kamfanoni masu zaman kansu. Haka aka yi da sashen abinci da sashen kaya da sashen hidimar ƙasa na Saudia, har kamfanin hidimar ƙasa ya shiga kasuwar hannun jari a 2015.

Inda ake cutar mutane shi ne wurin sa hannu. A kawo maka sabon kwantiragi a ce ai tsari ne kawai, ka danna amincewa a manhajar Qiwa ta Ma'aikatar Ƙwadago kana tsaye a bakin bas. Kada ka danna sai ka duba abu uku: ranar da aka rubuta ka fara aiki, asalin albashi daban da alawus-alawus, da garin da aka ce nan ne wurin aikinka. In ranar fara aiki ta koma ta bana, shekarunka na baya ne ake neman sharewa.

Tsohon mudir ya yi mini alkawarin ƙarin girma, ga shi ya tafi. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, domin a kaina ta faru. Shekara biyu ina riƙe da aikin mai kula da dawam na dare ba tare da muƙamin ba. Mudirinmu na lokacin mutumin kirki ne. Wata rana bayan sallar la'asar ya dafa kafaɗata a bakin masallacin ma'aikata ya ce, "Abshir, bayan Hajji takardarka za ta fito." Na koma gida na faɗa wa uwargida, har ta fara lissafin za mu bar ɗaki biyu mu kama uku. Kafin alhazai su gama komawa an mayar da shi wani gari. Na je wurin wanda ya gaje shi, ya buɗe fayil ɗina a gabana, ya juyo mini da allon kwamfutar don in gani da idona. Babu ko layi ɗaya. Ya ce, "Ya akhi, ni ban ƙaryata ka ba, amma me zan kai wa na sama da ni?" Sai da na sake shekara uku.

Ban riƙe shi a zuci ba, gaskiya ya faɗa. Mu Hausawa muna jin nauyin mu ce wa babba ya rubuta abin da ya faɗa, sai mu ga kamar mun tuhume shi. Akwai hanyar da ba ta zubar da girman kowa: ka koma tebur ka aika masa da imel na godiya. "Ranka ya daɗe, na gode da bayanin da ka yi mini yau cewa za a duba muƙamina bayan Hajji." Ko kalma ɗaya ya amsa da ita, ka samu abin nunawa. In kana riƙon wani aiki, ka nemi takardar riƙo mai kwanan wata. Wanda abin ya riga ya wuce masa kuma, ya tattara jadawalan da ke nuna shi ne ke sa hannu a matsayin mai kula, ya kai su tun sabon bai cika wata biyu ba, lokacin da kunnensa ke buɗe.

Zai iya mayar da ni Riyad ko Dammam, ko ya canza mini aiki?

Sashe na 58 ya hana a ɗauke ma'aikaci zuwa wurin da zai tilasta masa sauya mazauni sai da yardarsa a rubuce, in ban da larura, ita ma ba ta wuce kwana 30 a shekara, kuma kamfani ne ke ɗaukar kuɗin tafiya da masauki. Sashe na 60 ya faɗi irin haka game da ba ka aikin da ya yi nisa da wanda aka ɗauke ka dominsa. Sai dai kwantiragi da yawa a sana'ar jirgi suna da layin da ke cewa ka yarda ka yi aiki a kowane filin jirgi na ƙasar. In ka sa hannu a kan wannan, yardar da doka ke nema ka riga ka bayar.

Kowane sabon shugaba sai ya rushe jadawali ya kawo nasa. Shin ba ɓata lokaci ba ne?

Wani lokaci gyara ne na gaske, kuma bai kamata mu ƙi abu don kawai sabo ne ba. Na ga mudirin da ya kawar da rubuta dawam a takarda, wanda a da mai uwa a gindin murhu ne ke samun ranakun Juma'a, kowa ya huta. Amma na ga kishiyar haka, kuma ita ce ta nuna mini ainihin abin da yawan canji ke ci.

Wata shekara aka kawo mana shugaban sashe wata biyu kafin Hajji. Ya duba jadawali ya ga mutum huɗu da kullum ake ajiyewa a tashar alhazai ba tare da tebur ba, ba sa awo, ba sa buga kati. Ya ce wannan asara ce, ya rarraba su. Bai tambayi dalili ba, wanda zai faɗa masa kuma ya riga ya bar aiki. Mutanen nan huɗu su ne masu jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci. Daren farko na komawar alhazai aka kira ni wajen ƙarfe biyu. Na tarar da wata tsohuwa daga wajen Katsina zaune a kan jakarta, ta rungume jarkar zamzam da ta ɗebo da hannunta, ma'aikaci yana ta mata Larabci, ita kuma tana ta hawaye tana cewa ba za ta bar ruwan nan ba. Layi ya tsaya a bayanta har ƙofa. Na durƙusa na ce, "Hajiya Baba, sannu da ibada. Wannan jarkar ba za ta shiga jirgi ba, amma rabonki na lita 5 yana nan a rufe, ba wanda zai taɓa shi." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ai da haka aka faɗa mini da tuni na tashi." Minti biyu ya ishi maganar. Jirgin kuwa ya makara fiye da sa'a ɗaya, kuma ba shi kaɗai ba a wannan makon. A mako na biyu aka dawo da mutanen huɗu ba tare da an ce komai ba.

Kamfani yana da abin da ya sani wanda ba ya cikin kowane littafi: wane jirgi ne alhazansa ke zuwa da kaya fiye da kima, wace ƙofa ce motar masu keken marasa lafiya ba ta iya juyawa, wane dare ne na Ramadan ba a rage mutane. Duk shugaban da ya tafi yana tafiya da wani abu daga ciki, in canjin ya yi yawa kuma sai tsofaffin ma'aikata su gaji da maimaita bayani su yi shiru. Shirun nan na fi tsoro fiye da kowane sabon jadawali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to in mai ɗakin ya kame baki fa?

Game da sa'o'i, iyakar doka ita ce 8 a rana ko 48 a mako, a Ramadan kuma 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Abin da ya haura haka kuɗin ƙarin lokaci ne: ladan sa'ar, da ƙarin rabin asalin ladanta. Matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi suna da nasu ƙa'idojin hutu daga hukumar sufurin sama ta GACA, waɗannan kuwa babu mudirin da ke da ikon taɓa su.

Sabon shugaba ba ya son jin kalmar jinkiri. In na ga matsala a jirgi, in yi magana ko in bari?

Ka yi magana, ko da muryarka na rawa. Mu da muke Hausawan Jidda bai kamata a tsaya ana lallashinmu a kan wannan ba.

Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga wannan filin zai tafi Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita da rai. Bincike ya nuna wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Makaniki ya nemi iskar naitirojin gab da tashi, ba a same ta nan take ba, jami'in da ke kula da aikin jigilar kuma bai yarda a jinkirta ba. Tayoyin suka fashe jirgi na gudu a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgin da wutar a jikinsu. Matuƙin ya juyo zai sauka, bai kai titi ba. Ina yaro a lokacin, amma ban manta yadda unguwarmu ta yi tsit ba, dattawa zaune a ƙofar gida ba mai cewa uffan.

Kowa da ajalinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma sababin da ke hannun mutane shi ne wani yana tsoron a ce jirginsa ya makara. Lokacin sabon shugaba shi ne lokacin da irin wannan tsoron ke ƙaruwa, domin kowane mai kula yana so a ga alƙalumansa sun yi kyau. In ka ga mai na ɗiga, ko tarakta ta gogi jikin jirgi ko da ɗan ƙarce ne, ko nauyin kayan da aka loda bai yi daidai da na takarda ba, ka faɗa wa injiniya ko kyaftin nan take, sannan ka cike rahoton kiyaye haɗari. Kowane kamfani mai lasisi dole ne ya kasance da wannan tsarin, ofishinsa kuma daban yake da na mai kula da kai. In kai ne mai sa hannu a sallami jirgi, ka tuna lasisin da sunanka aka buga shi, mudir in ya tashi tafiya ba zai ɗauki alhakin tare da kai ba.

A nan ne ma nake auna shugaba. Ran da wani ƙaramin ma'aikaci ya tsayar da jirgi da hujja, me ya ce masa a gaban mutane?

Ni a nan aka haife ni amma igama gare ni. In an zo rage mutane, ni ne na farko?

Ba zan ɓoye maka ba, igama takardar zaman baƙo ce, don haka matsayinka ya fi na ɗan ƙasa rauni. Tun 2011 tsarin Nitaqat ke auna kowane kamfani da yawan 'yan ƙasar da ya ɗauka, kuma daga Maris na 2023 an keɓe wasu ayyukan jirgi masu lasisi ga 'yan ƙasa kaɗai, irin su mataimakin matuƙi da mai kula da zirga-zirgar jirage, wasu kuma aka sa musu kaso. Kwantiragin baƙo a doka mai wa'adi ne, don haka ba sai an kore ka ba, ƙin sabuntawa ya isa. Mun ga bambancin ƙarara a 2020 da annoba ta tsayar da jirage: tsarin inshorar rashin aiki na Saned ya biya 'yan ƙasa kashi 60 cikin ɗari na albashi, masu igama kuwa hutun da ba biya ko ragin albashi ya same su, ga riyal 400 a wata na kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashin igamarsu bai tsaya ba.

Amma ka lura, wannan siyasar ƙasa ce, ba sabon mudir ne ya ƙirƙiro ta ba, wanda ya tafi ma da ita yake aiki. Abin da ke hannunka shi ne takardun horo da ba su ƙare ba, kamar na kaya masu haɗari da na lissafin nauyin jirgi da lasisin tuƙi a cikin fili, da kuma harshenka. Ka sa a rubuta Hausa a fayil ɗinka a matsayin ƙwarewa, kada ta zama alfarmar da ake kiranka ka yi kyauta. Kuɗin igama da na izinin aiki da sabunta su kuma a kan kamfani suke bisa sashe na 40, kada wani ya ce sabon tsari ya mayar da su kanka.

Ina da magana ga 'yan'uwanmu masu takardar ƙasa, 'yan gidan Hausawi da Barnawi da Fallata. Wani ɗan baffanka ne ke lodi a ƙarƙashinka, kakanku ɗaya suka tako daga Kano ta Sudan suka tsallako Bahar Maliya, takarda ce kawai ta raba ku. Ba na cewa ka yi son kai. Cewa nake in ana maganarsa a ɗakin da ba ya ciki, ka faɗi aikinsa yadda yake.

An kira ni an ce in rubuta takardar ajiye aiki da kaina, wai ya fi mutunci. In rubuta?

Kada ka rubuta a wannan zaman. Ka ce za ka yi shawara da iyali, ka fita. Ga dalili da lissafi.

Kuɗin sallama a sashe na 84 rabin albashin wata ne a kowace shekara cikin biyar na farko, sannan albashin wata cikakke a kowace shekara bayan haka. Mai albashin riyal 5,000 da ya yi shekara 8 yana da 12,500 na biyar ɗin farko da 15,000 na ukun baya, jimla 27,500. In shi ya ajiye, sashe na 85 ya ce wanda ya yi shekara 5 zuwa ƙasa da 10 kashi biyu cikin uku yake samu, wato kusan 18,333. Wanda ya yi 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, wanda bai kai 2 ba ba shi da komai, sai mai shekara 10 ne ke karɓa cikakke. Bayan wannan, in kamfani ne ya sallame ka ba da halastaccen dalili ba, sashe na 77 ya ba ka diyya, in kwantiragi bai ƙayyade wata ba: albashin sauran wa'adin ga mai kwantiragi mai wa'adi, ko na kwana 15 a kowace shekara ga maras wa'adi, kuma ba ta gaza albashin wata biyu. Takardar da ka rubuta da hannunka ita ke share wannan.

In ka riga ka miƙa, gyaran dokar da ya fara aiki a Fabrairun 2025 ya ba ka kwana 7 ka janye, muddin ba a riga an amince ba. In kuma barazana ake maka da sashe na 80, wanda ake kora da shi ba sallama, ka sani laifuffuka ne ƙidayayyu, kamar duka ko jabun takarda ko fashin kwana 15 a jere bayan gargaɗi a rubuce, kuma dole a ba ka damar kare kanka.

Yaya, ni ina da juna biyu, ga sabuwar shugaba. In ɓoye?

Kada ki ɓoye, ƙanwata, sanarwar ce ke kare ki. Ki kai takardar asibiti ofishin ma'aikata ki karɓi shaidar sun karɓa. Doka ta hana a kori mace ko a yi mata gargaɗin kora tana da ciki ko tana hutun haihuwa, hutun kuma yanzu mako 12 ne da cikakken albashi. Allah ya raba lafiya.

Tunda babu ƙungiyar ƙwadago a nan, wa za mu kai wa kuka?

Wanda ya saba da Najeriya ko Sudan zai ga abin baƙo: babu ƙungiya, babu yajin aiki, kuma kada wani ya zuga ku ku ajiye aiki tare a cikin fili, masu igama ne za su fara kwana a ciki. Kamfanin da ke da 'yan ƙasa fiye da 100 yana iya samun kwamitin ma'aikata, amma 'yan ƙasa ne mambobinsa. Matakan su ne ƙorafi a rubuce a cikin gida, sannan Ma'aikatar Ƙwadago ta lambar 19911 ko shafinta, inda ake fara zaman sulhu na kwana 21 na aiki. In ba a daidaita ba sai kotun ƙwadago, waɗanda suka fara aiki a 2018. Kada ka wuce wata 12 daga ranar rabuwa da aiki ba ka shigar ba.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ka huce haushi a Facebook ko TikTok da rigar aiki, ko ka ɗauki hoton takardar cikin gida ka yaɗa. Mai gaskiya da yawa ya rasa shari'arsa ta nan.

Ta yaya zan gane ko canjin nan na gyara ne ko kamfanin ne ke nitsewa?

Kada ka dubi jawabi ko sabon fenti, ka dubi abin da ke gabanka kullum. Albashi yana shiga ranar da ya saba? Jirgin da ya lalace ana gyara shi, ko ana ciro kayansa ana sa wa wani? Motar mai tana zuwa da an kira, ko sai an biya tukuna? In mai riƙe kuɗi da shugaban injiniyoyi suka tafi a wata ɗaya, wannan ya fi tafiyar babban shugaba nauyi a wurina, domin su ne suka san cikin tukunya.

Tarihi yana kusa da mu. Wani kamfanin jirgi na Saudiyya mai suna Sama ya fara tashi a 2007, a watan Agusta na 2010 ya tsaya cak. Sudan Airways, wanda yake cikin tsofaffin kamfanonin Afirka, an sayar da kashi 70 nasa a 2007, gwamnati ta karɓe shi a 2011, a tsakanin nan ya rasa gurbin saukarsa a Heathrow na Landan, bai kuma sake komawa yadda yake ba. Nigeria Airways ya sha canjin shugabanni kafin a rufe shi a 2003, tsofaffin ma'aikatansa kuma har 2018 suna bin haƙƙinsu, wasu sun rasu ba su gani ba. Amma halin Saudiyya a yau daban ne. Rukunin Saudia ya yi odar jiragen Airbus 105 a 2024, Flynas ya shiga kasuwar hannun jari a 2025. A nan yawan canjin na gasa da faɗaɗa ne. Inda na fi sa ido shi ne ƙananan 'yan kwangila masu kawo leburori da masu share jirgi, waɗanda kwangila ɗaya in ta kuɓuce musu shi ke nan.

To in koma wani kamfanin tun da wuri?

Tun 14 ga Maris, 2021, mai igama yana iya komawa wani kamfani ba da yardar kafili, wato mai ɗaukar nauyin igamarsa, ba in wa'adin kwantiraginsa ya cika, ko bayan shekara ɗaya da shigowa bisa sharuɗɗa, ko nan take in an yi wata uku a jere ba a biya shi ba. Ƙofa a buɗe take. Amma kada haushin mutum ɗaya ya fitar da kai, mai yiwuwa ka riga shi tafiya da wata shida kawai. Ka lissafa sallamar da za ka rasa, musamman in kana shekara ta tara. Ka lissafa hayar gida a Riyad, da makarantar yara, da wanda zai riƙa kai mahaifiyarka asibiti a Jidda, da lokacin gwaji da zai iya kai kwana 180. In bayan wannan lissafin har yanzu ya fi, ka tafi da sallama mai kyau, ka karɓi takardar shaidar aiki, kyauta ce a doka.

Sabon mudir ya kira taron ma'aikata gobe. Me zan ce?

Ka je da wuri, ka zauna inda zai gan ka. Kada ka yabi wanda ya tafi, kada kuma ka zage shi, duka biyun ana rubuta su a zuci. In an ba da damar tambaya, ka yi wadda amsarta ke da rana da wata: yaushe jadawalin Ramadan zai fito, su wa za a tambaya kafin a taɓa tsarin Hajji, alkawuran da ke rubuce a fayil suna nan ko za a sake duba su. In kana da abu ɗaya da ka sani wanda shi bai sani ba, kamar ƙofar nan da motar marasa lafiya ba ta juyawa, ka rubuta a rabin shafi da sunanka da lambar aikinka, ka miƙa masa bayan taro. Ni ma zan je da nawa rabin shafin, a kan mutanen nan huɗu na tashar alhazai, har da sunan harshen da kowannensu ke ji.